Wankan Gida: Yadda Na Yi Jegon Fari a Birnin Zazzau

Tun cikina yana wata bakwai aka fara ja-in-ja a kan inda zan yi jego. Ni da maigidana muna zaune a Hanwa, a gidan haya, shi in ya fita da safe sai yamma, ni kuma ina koyarwa a wata makarantar gwamnati. Iyayena suna cikin gari, ta wajen Ƙofar Doka. Babu wani nisa tsakaninmu, amma a wajen Inna, a ce haihuwar fari mace ta zauna a ɗakinta ba ta zo wankan gida ba, gori ne da dangi za su daɗe suna yi mata. Shi kuma maigidan so yake a samo tsohuwa ta zo ta zauna da mu, yadda abokansa suka yi. Bai iya tunkarar Inna da zancen ba, sai ni yake yi wa ƙorafi da dare. Ranar da surukata ta sa baki ta ce ita ma 'ya'yanta mata duk a gida suka yi wankan fari, magana ta mutu.

Ni abin da nake tsoro daban ne. A watan ƙarshe jinina ya hau, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, likita a wajen awo ya ɗora ni a kan magani ya ce in rage gishiri. Na kuma san abin da ke jirana a gida: tafasasshen ruwa safe da yamma, da kunun kanwa kofi bayan kofi. Na ga yadda aka yi wa yayata. Har yau akwai tabon ƙuna a bayan kafaɗarta.

Ɗan Gwaggona likita ne, kuma Inna tana jin maganarsa fiye da tawa nesa ba kusa ba, don haka shi na kai wa kuka. Ya yi dariya ya ce ai jegon Zariya har a littattafan likitocin zuciya na duniya an san da zamansa. A shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bibiyi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, aka wallafa sakamakon a 1978. Matan sukan zo a kumbure suna haki, ba sa iya kwanciya sai dai a jingine. An ƙiyasta a lokacin cewa kusan ɗaya cikin kowace mace ɗari da ta haihu a yankin nan tana gamuwa da ciwon, adadin da da wuya a samu irinsa a wata ƙasa. Abin da suka zarga shi ne kanwa, wadda gishiri ce mai sa jiki ya riƙe ruwa, da kuma zafi, musamman na gadon ƙasar nan da ake hura wuta a ƙarƙashinsa mai jego ta kwanta a kai. Ruwa ya yi wa jiki yawa, zafi ya buɗe hanyoyin jini, zuciya ta yi ta bugu ba hutu. Sai dai, in ji shi, wani babban bincike da aka yi daga baya a asibitocin Najeriya da dama, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta aka fitar a 2020, bai kama wankan ko kunun da laifin haddasa ciwon ba. Abin da ya nuna shi ne rama, da rashin karatu da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki.

"To ke kuma na ƙarshen nan kina da shi," ya ce. "Wanka ki yi abinki, amma da ruwan da fatarki za ta ɗauka. Kanwa kuwa babu ke babu ita. Mai hawan jini me za ta yi da ƙarin gishiri?"

Shi ya je har gida ya durƙusa ya gaida Inna ya yi mata bayani. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce, "To, Likita, mun ji. Mu dai da muka sha kanwar ga mu da ranmu." Ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Inna, amma jinin 'yar nan taki ba irin naki ba ne." A haka aka tsaya.

Na haihu a watan Afrilu, lokacin da gari ke ci da wuta, hadari ya haɗu ya watse ba ko ɗigo. Mace aka samu. An yi mini ƙari an ɗinke, kuma sai da suka ga jinin ya daidaita suka sallame mu. Kafin mu fito an yi wa jaririyar allurar BCG ta tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon foliyo a baki. Wata nas ta miƙo mini ɗan man cibiya, an rubuta chlorhexidine a jikinsa, ta ce shi kaɗai za a riƙa shafawa, ban da gashi da tsumma, ban da man goge baki, kuma ko da wasa kada ya kusanci ido. Daga asibiti cikin gari muka zarce. Ɗakin da na yi 'yanmatanci a ciki aka gyara mini, ga itacen wanka da maigidan ya aiko tun tuni an jibge a gindin katanga.

Wadda za ta yi mini wankan kuwa ba kowa ba ce illa Gwaggo, mahaifiyar shi likitan. Da aka karanto mata sharuɗɗan ɗanta sai ta taɓe baki. "Shi ɗin da na haife shi, da ruwan randa aka yi mini?"

Tun kafin assalatu ake hura wuta. Babbar tukunya ce irin ta girkin biki, a kan murhun duwatsu, ƙanwata tana tura itace tana gyangyaɗi. Ruwan ma sai an saya, domin famfo ba kullum yake kawowa ba, 'yan garuwa ne ke turo kura har ƙofar gida. In ya tafasa sai a juye a babban baho a makewayi, a kawo damin ganyen darbejiya da aka karyo tun yamma. Ina zaune a kan 'yar kujera, Gwaggo ta ci ɗamara. Ta tsoma ganyen, ta ɗaga, ta kaɗe shi sau ɗaya, ta fyaɗa mini a gadon baya. Daga nan kafaɗu, ƙugu, cinyoyi. Ciki ne na ƙarshe, shi kuma ba fyaɗawa take ba, dannawa take da ganyen tana murzawa ƙasa, wai don dattin ciki ya fita. Tururi ya turnuƙe wurin har ba na ganin fuskarta sosai, sai ɗacin darbejiya da ke sauka a maƙogwaro.

Kullum rigimarmu a kan surki ce. An yi da ita za a surka ruwan har sai na iya tsoma gwiwar hannuna na bar ta a ciki. To amma hannun Gwaggo ya yi shekara da shekaru yana kwashe tuwo, ba ya jin zafi, abin da ta ce ya huce ni a wajena wuta ne.

"Gwaggo, don Allah a ƙara na sanyi."

"Ke dai raguwa ce. Mai jego ɗanyen jiki gare ta, in bai gasu ba sanyi ya shige shi, sai kin tsufa ki gane kurenki."

Sai ta ƙara rabin moɗa tana mita, in ce a ƙara, ta ƙara wani rabin.

Maganar gaskiya, in ruwan ya zo daidai, samun abin da ya kai wankan nan daɗi sai an tona. Ciwon baya da tsamin jikin naƙuda sai ki ji sun sake ki. In an gama sai in zauna a wani ruwan ɗumin daban saboda ɗinki, wannan ma asibiti sun yarda da shi, sun dai ce kada a zuba wani haɗi. A shafe ni da man kaɗanya, a naɗe cikin da zani, a turo kaskon turaren wuta. Kafin rana ta take na rama barcin da ban yi da dare ba. Da la'asar a sake sabon lale.

A fannin ci ba a cuce ni ba. Tunda an soke kanwa, kunun tsamiya da na gyaɗa suka maye gurbi, an zuba citta da kanumfari da masoro har yana ratsa hanci. Tuwon dawa miyar kuka da man shanu, yajin daddawa a gefe, farfesun kaza, ga gasasshen nama da Baba ke shigowa da shi bayan isha'i. Rana ta huɗu aka yi ƙauri da ƙafafun sa, aka rarraba wa maƙwabta. Abin da ya gallabe ni shi ne ruwan sha. A wannan zafin ruwan fulas kaɗai aka yarda in sha, fanka ma in Gwaggo ta shigo sai ta kashe. Ƙanwata ce ke sato mini fiya wata mai sanyi a ƙarƙashin hijabi.

Wankan jaririya aikin Inna ne. Takan miƙe ƙafafu a kan baho ta kwantar da ita a ƙwaurinta, ta cuɗa ta, ta miƙe hannu ta lanƙwasa ƙafa, tana yi mata tsiya: "Ke kishiyar nan, da wannan hancin kika zo ƙwace mini miji?" Ni dai kallo ne nawa, 'yar fari ce, a gaban manya ko wasa ba na yi mata. Amma kunya ba ta hana ni kafewa a inda ya kamata ba. Cibiya ba a sha wuya ba, man asibitin aka yi ta shafawa har ta faɗi da kanta. Kwalli ma Inna ta haƙura da aka ce mata da yawansa akwai dalma a ciki, ta dai ce an bar yarinya da ido fayau ba kyan gani.

Ruwa ne ya zama yaƙi. Duk wadda ta shigo barka, da ta gama "Barka da arziki, an samu kai lafiya, Allah ya raya," sai ta leƙa fuskar yarinya ta ce leɓenta ya bushe. "A zafin nan ba ku ba ta ruwa? Ku ji tsoron Allah, alhaki ne fa." Tsofaffi da 'yan boko duk bakinsu ɗaya. Na gaji da bayanin cewa nono fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, cikin jariri kuma ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi ba za ta ja nono ba, in ba ta ja ba nonon ya ragu, ga kuma gudawa da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba kan jawo. Wata shida nono zalla aka ce, kuma muddin tana jiƙa nafkin akai-akai ba ta da ƙishi. Abin da ya fi ba ni haushi, masu jin tausayinta saboda zafi su ne kuma ke sa mata hular ulu da safa su lulluɓe ta da tawul, har ƙurajen zafi suka feso mata a wuya. Na tuɓe kayan na bar ta da 'yar shimi. Wanda ya raba gardamar Baba ne. Shi da ya tauna dabino ya shafa mata a ganda ranar da muka iso, shi ya tsaya a tsakar gida ya ce daga wannan ba a ƙara ba ta komai sai abin da likitocinta suka ce. Haka ma da wanzami ya zo: aski kawai, da sabuwar reza da aka ɓare a gabanmu, ba cire beli.

Sai hidimar suna, wadda a zamanin nan ta kusa kamo biki. Kayan fitar suna tun ina da ciki na je Kasuwar Sabon Gari na zaɓo da kaina, leshi da atamfofi da shadda, na kai wa telana a Tudun Wada. Tsohon hannu ne, ya san jikin mata fiye da yadda muke zato. Yana duba awon ya ce, "Hajiya, ciki zai sauka amma ba duka ba, sama kuma ƙaruwa zai yi." Ya bar sarari a ɗinkin, ya sa zif a gaba ya ɓoye shi a ƙarƙashin aiki yadda ba mai lura. Ƙawayena kuma suka fitar da anko, suka turo mini salon da suka tsinto a Instagram, rigar nan mai ƙarafuna a ciki da ke matse ƙugu. Na ce su ɗinka abinsu, ni a yi mini bubu. Mace kwana bakwai da haihuwa, da ɗinki a jikinta, nono yana zuba, a ce ta cusa kanta cikin rigar da ko numfashi sai ta yi dabara, duk don hoto, ni ban ga ribar ba.

Jajibirin suna mai lalle ta zo da kala biyu. Baƙin yana kamawa nan da nan, shi ya sa ake rububinsa, amma sinadarin rinin gashi ne a cikinsa, na kuma sha ganin waɗanda ya tayar wa da ƙuraje har zanen fulawar ya koma tabo. Hannun da zai yini riƙe da jaririya ba zan sa masa wannan ba. Jan lalle na ce, na gargajiya, shi kuma sai an yi zaman jira. Aka liƙa salatif aka shafe tafin hannu da ƙafa aka ɗaure da leda. Ko rabin sa'a ba a yi ba yarinya ta tsanyare da kuka. Haka na zauna hannuwa a sama, ƙanwata ta durƙusa ta tallabe ta a ƙirjina tana sha, mai lalle tana ta "kar ki motsa, Anti, zai caɓe." Kitso kuwa manya na ce a yi mini, kaina ba zai ɗauki ƙanana ba.

Da asuba aka raɗa suna a ƙofar gidan su maigida, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Sunan surukata aka sa, don haka Ummi muke ce mata. Kafin azahar gidanmu ba masaka tsinke. Waina da miyar taushe, shinkafa, alkaki, cincin, zoɓo da kunun aya a robobi. Mai kwalliya ta taso tun daga Samaru da akwatinta da fitilarta, tana fara shafa hoda aka ɗauke wuta. Tana shafawa gumi yana wankewa, wata ƙawata tana yi mini fifita da murfin kwali. Na ce ban da gashin ido, ta yi jagira da jambaki ta kafa ɗauri, aka yi ta ɗaukar hoto. Kafin magariba hotunan sun zagaye WhatsApp, kowa yana rubuto "kamar ba ke kika haihu ba." Na san yabo ne, amma yabon nan ba na son sa. Ni na haihu, jikina ya sani, kuma irin wannan maganar ce ke sa wata ta ƙi cin abinci tana shayarwa don kada a ce ta buɗe.

Wajen la'asar kaina ya fara sarawa. Dama an ja mini kunne cewa hawan jinin ciki yakan dawo bayan haihuwa, kuma ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko haki, ko sabon kumburi, ba abin a bari sai gobe ba ne. Aka ɗauko na'urar awon jini da muka saya, ya ɗan hau, na sha magani. Inna da kanta ta tsaya a bakin ƙofa ta kore mutane. "Mai jego ta kwanta, a yi haƙuri, a shiga ɗakina." Kaya na uku da aka shirya zan sa har yau yana cikin leda.

Bayan suna gida ya yi tsit, kuma a nan ne na ga amfanin zuwa gida. Ummi ta juya dare ya zama rana. Akwai daren da ta yi ta kuka na rasa abin yi, kan nono ya tsage, ɗinki yana ja, na zauna ina hawaye ba tare da na san takamaimai abin da nake yi wa kuka ba. Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ta shigo ta ɗauke ta, ta goya, ta yi ta zagaya tsakar gida har ta yi barci, ta ce in kwanta za ta kawo ta in ta nemi nono. Kusan kullum haka. Ban ɗora tukunya ba, ban taɓa wanki ba, ban yi shara ba. Wata ƙawata da ke aiki a makarantar kuɗi, wadda ta yi nata jegon ita kaɗai a ɗakinta, ta zo duba ni ta ce ita kwana goma da haihuwa tana tsaye tana girki, kuma wata uku bai cika ba ta koma aji. Ni na ci sa'a, tun 2019 jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatanta mata. Matan zamani muna yawan kushe wankan gida, muna kallon ruwan zafin da kanwar kaɗai. A ganina waɗannan su ne mafi sauƙin gyarawa a ciki. Hannun da zai karɓi yaro ƙarfe biyun dare shi ne ba a sayarwa a kanti.

Maigida kuwa ya koma baƙo. Sai bayan magariba ya zo, ya gaida Baba a zaure, a shigo da shi falon Inna ya ɗauki 'yarsa yana satar kallona, Gwaggo tana zaune daram ba ta da niyyar tashi.

Da arba'in ta matso aka kira mai gyaran jiki, wata Babarbariya da ke zaune a Sabon Gari. Ta fara da halawa, sukari da lemon tsami da aka dafa ya yi danƙo, tana mannawa tana fizgewa. Sai dilka, tana murzawa datti yana fita murtuka-murtuka, sai kurkum, sai a lulluɓe ni da bargo a kan turare. Fata ta yi laushi, ƙamshi ya kama jiki har zanin gado. Daga nan ta buɗe wata jaka ta fito da kwalabe marasa suna. Wuyana da ciki ya sa ya yi baƙi ta nuna, ta ce akwai haɗin da zai wanke shi cikin mako guda, ba bilicin ba ne, "hasken amare" ne kawai. Duk mai da zai sauya launin fata cikin mako an san abin da ke cikinsa, kuma a 2023 hukumar NAFDAC da kanta ta ayyana shafe-shafen nan a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Balle mai shayarwa, da jaririya ke kwana da kumatu a jikinta. Baƙin ciki na haihuwa, na wuya da layin nan na cibiya, da kansa yake washewa. Kayan matsi ma ta tallata, na ce likita ta hana sa komai sai ta duba ɗinki. Humra da turaren wuta dai na saya, har da na tsaraba.

Ranar da aka cika arba'in Gwaggo ta yi mini wankan ƙarshe, aka yi sadakar waina. Kwana biyu bayan nan mako shida ya cika, muka koma asibiti. Aka yi wa Ummi allurai a cinyoyi da ɗigo a baki, aka rubuta mana ranar dawowa a mako na goma da na sha huɗu, aka ɗora ta a sikeli nas ta ce nonon yana karɓar ta. Ni ma aka auna jinina, aka duba ɗinki, aka zaunar da ni a kan maganar tazarar haihuwa, wadda a gida ba mai yi miki ita sai da habaici. Sai yawon arba'in: Tudun Jukun, Gyallesu, Wusasa, har Shika wajen wata kakar maigidan, ko'ina a ba Ummi sabulu ko 'yan kuɗi a dunƙule mata a hannu. Sannan aka rako mu Hanwa da gara, buhun gero da man shanu da yaji gwangwani guda.

A makon da na koma maigidan ya ce in shirya mu fita cin abinci, rabonmu da fita tare tun cikin yana ƙarami. Na sa atamfar nan mai zif a gaba, na yafa babban mayafi. Muka je wani gidan abinci ta wajen PZ, irin mai sanyin na'ura da kujerun iyali a ciki. Fita da jaririya ashe ƙaura ce: nafkin, kayan canji, tawul, zanin goyo. Na zaɓi teburin lungu nesa da bakin na'urar sanyin, na juya wa ƙofa baya. Ya ce gasasshen kifi da soyayyen dankali, ni na ƙara da abin da na daɗe ina mafarki, lemo mai ƙanƙara, ba mai kashe mini fanka. Kifin yana sauka Ummi ta farka. Babu wani keɓantaccen wuri na masu shayarwa, a gidajen abincin garin nan ban taɓa cin karo da shi ba, don haka na ja mayafi na zuge zif, na yi wa telan nan addu'a a zuciyata. Da hannu ɗaya na ci, maigidan yana cire mini ƙaya yana turo tsokar gefena. Wata dattijuwa a teburin kusa ta leƙo ta ce, "Allah ya raya. Amma 'yar nan, kin fito da ita cikin sanyin nan ba hula?" Rabin kifin a leda muka taho da shi.

Da Juma'a ta zagayo muka shiga gari kai wa Gwaggo tukuicinta: turmin atamfa, sabulai, turare, da 'yan kuɗi a ambulan da maigidan ya miƙa da hannu biyu. Ta warware atamfar ta murza bakinta ta ga mai kyau ce, ta sa albarka. Sannan ta dube shi ta ce, "Ka dai biya kuɗin cikakken wanka, amma rabi matarka ta yarda aka yi mata. In ta sake haihuwa sai ta zo in cika mata sauran."